Yadda za ka gane matsalar had-disk, ka ceci fayilolinka, ka sayi SSD da zai dace da kwamfutarka

Tambayoyi uku ne ake yawan turo mini. Wani ya ce kwamfutarsa ta yi nauyi, me zai canza. Wani ya ce tasa ta ƙi tashi, shin aikinsa ya tafi ke nan? Na uku kuma ya riga ya yanke shawara, wane SSD, wato sabon nau'in ma'ajiyar bayanai da ya fi had-disk sauri, zai saya kawai yake tambaya. Duk amsarsu ɗaya ce, kuma yawancin asarar da ake tafkawa a wannan harka daga rashin bin tsari take fitowa. Wani ya ruga kasuwa ya sayo sabon disk, ashe wayar ciki ce ta saki. Wani ya kai wa mai gyara a zabga mata fomatin, furojet ɗin kammala karatunsa ya bi ruwa. Saboda haka a bi matakan nan a jere, kada a tsallake na biyu ko da ana sauri. Misalan na Windows 10 da 11 ne, a kan laftop irin HP, Dell da Lenovo da suka cika kasuwanninmu.

Kayan da za ka tanada

Ƙaramin sukurdireba mai bakin sita, filash mai aƙalla 8GB wanda babu komai a kansa, wani wurin da za ka juye fayiloli, kes na USB da ake zura disk a ciki, da tsohon katin ATM don ɓamɓare murfi. Ka cika batir kafin ka fara. Idan kwamfutar tebur ce, kada ka taɓa wannan aiki sai da UPS, ko lokacin da kake da tabbacin wuta.

1. Fara da kunne da ido

Kunna kwamfutar a wurin da ba hayaniya, ka kara kunnenka kusa da inda kake ɗora tafin hannu. Had-disk kamar garmaho yake: faifai na juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, allura na bin samansa tana karatu. Lafiyayye ɗan gurnani kawai yake yi. Idan ka ji ƙas, ƙas, ƙas a jere, ya yi shiru, ya sake maimaitawa, ko ka ji yana yunƙurin juyawa yana kasawa, allurar ko injin ne ya samu matsala.

*Gargaɗi:* da ka ji wannan ƙarar, kashe ta. Kowace kunnawa ƙara karce faifan take yi. Kada ka bubbuga shi, kada ka saka shi a firij kamar yadda ake yaɗawa, kuma kada ka kwance shi don ka leƙa, ƙurar da ido ba ya gani ma ta isa ta ƙarasa shi. Idan abin da ke ciki yana da muhimmanci sosai, wannan aikin ƙwararrun dawo da bayanai ne, kuma kuɗinsu ya fi na sabon disk nesa ba kusa ba.

SSD ba shi da abin da ke motsi, don haka ba ya ƙara. Alamunsa su ne daskarewar kwamfuta haka kawai, shuɗin allo, fayil ya ƙi ajiyuwa, ko a wayi gari ya ɓace ɗungurungum.

Idan kwamfutar tana tashi amma nauyi ne damuwarka, danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance. A nan za ka ga sunan disk ɗinka da ko HDD ne ko SSD. Ka bar ta ta yi kamar minti goma ba ka buɗe komai ba. Idan Disk ya kafe a kashi 100 alhali CPU, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki, na hutawa, disk ɗin ne ke riƙe ta. Idan kuwa Memory ne ya cika maƙil, RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kan yi, shi ne ya yi maka kaɗan. Mai 4GB zai ji sauƙi da SSD, amma ba zai rabu da nauyi gaba ɗaya ba sai ya ƙara RAM.

2. Kwashe fayilolinka kafin komai

Muddin kwamfutar tana buɗewa, wannan ne aikin farko, kafin gwaji, kafin wanke bairos, kafin zuwa wurin mai gyara. Fara da abin da ba za ka sake samu ba: takardun aiki da na makaranta, lissafin shago, hotunan iyali. Finafinai da manhajoji su zo a ƙarshe, ana iya sake sauke su. Duba Desktop, Documents, Downloads da Pictures, kuma ka riƙa kwafa folda ɗaya bayan ɗaya. Idan wani fayil ya cije, tsallake shi ka ci gaba, ka dawo masa daga baya.

Idan Windows ya ƙi tashi amma disk ɗin ba ya ƙara, cire shi ka saka a kes, ka jona da wata kwamfutar. Sau da yawa za ka tarar komai na nan a cikin foldar Users.

*Gargaɗi:* idan saƙo ya fito cewa sai an yi wa disk ɗin Format kafin a yi amfani da shi, danna Cancel. Haka idan ka ga an rubuta RAW. Bayananka na nan a mafi yawan lokuta, taswirar inda suke ce ta rikice, kuma manhajoji irin TestDisk da PhotoRec, waɗanda kyauta ne, sukan fito da su. Abin da ka ceto, a wani disk daban za ka ajiye shi, ba a kan wanda ake cetowa daga gare shi ba.

*Gargaɗi na biyu:* kwamfutoci da dama suna zuwa da BitLocker, tsarin Windows da ke kulle bayanan disk, a kunne, mai ita bai ma sani ba. Idan ka kai disk ɗin wata kwamfutar, zai nemi mabuɗi mai lambobi 48. Nemo shi a asusunka na Microsoft tun kafin ka kwance sukuru ko ɗaya. Kwamfutar ofis kuwa, mabuɗin yana hannun masu kula da na'urorinsu. Babu mai gyaran da zai fasa maka wannan kwaɗon.

3. Auna lafiyar disk ɗin

Kowane disk yana rubuta tarihin lafiyarsa a cikinsa, a wani tsari da ake kira SMART. Manhajar CrystalDiskInfo ce mafi sauƙin karanta shi. Kyauta ce, kuma akwai samfurin da ke aiki daga filash ba sai an girka ba. Da ka buɗe za ka ga hukunci: Good da shuɗi, Caution da ruwan ɗorawa, Bad da ja.

Kada ka tsaya a launin. Gangara ka duba layuka huɗu, ka karanta ginshiƙin ƙarshe na Raw Values. Layi mai lamba 05 yana ƙirga wuraren da suka lalace aka maye gurbinsu. C5 wuraren da ake zargi ne, waɗanda suka ƙi karantuwa. C6 waɗanda suka gagara gyara. A lafiyayyen had-disk, duka ukun sifili ne. Idan akwai adadi, rubuta shi, ka sake dubawa bayan 'yan kwanaki; in yana hawa, disk ɗin na kan hanyar mutuwa, sai dai a jira rana. Na huɗun, C7, shi ne mai ceton aljihu. Kurakuran da ke faruwa a hanya tsakanin disk da madabod, wato babban allon da ke cikin kwamfuta, yake ƙirgawa. Idan shi kaɗai ke hawa, zargi wayar SATA, wadda ke haɗa su biyun, ko mahaɗin, kuma waya ba ta kai kuɗin disk ko kusa ba.

A SSD kuwa, kason lafiyar da ya rage za ka gani, tare da jimlar abin da aka taɓa rubutawa a kansa.

*Gargaɗi:* za ka ji ana cewa a yi chkdsk /r, umarnin Windows na binciken disk. A kan disk mai Caution wanda ba a kwashe ba tukuna, wannan ganganci ne. Umarnin yana tilasta masa karanta kowane lungu na tsawon sa'o'i, kuma disk mai jinya na iya cikawa a tsakiyar aikin. Wasu masu gyara kuma za su ce maka suna da manhajar da ke gyara wuraren da suka lalace. Faifan da ya karce ba ya warkewa. Ɓoye tabon kawai ake yi.

4. Idan kwamfutar ba ta ganin disk ɗin ma

A HP za ka ga Boot Device Not Found da lamba 3F0. A wasu kuma No Bootable Device. Wannan saƙon bai ce disk ya mutu ba, cewa ya yi ba a same shi ba.

Shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake buɗewa kafin Windows ya tashi, ka duba ko sunansa ya fito: F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, ana dannawa da zarar an kunna. Idan ya fito, Windows ne ya lalace ko tsarin tashi ya sauya tsakanin UEFI da Legacy, abin da kan faru idan ƙaramin batirin madabod ya mutu. HP da Dell suna da gwajin disk a cikinsu: Esc sannan F2 a HP, F12 sannan Diagnostics a Dell. Idan bai fito ba sam, kashe kwamfutar, cire caja da batir, zare disk ɗin ka mayar da shi ya zauna daram. Laftop ɗin da ke yawo a jaka a bayan babur ko cikin adaidaita sahu takan girgiza har mahaɗi ya saki. A kwamfutar tebur, canza wayar SATA, ka gwada wani rami a madabod, ka tabbatar wayar wuta ta shige. Sai duk wannan ya gaza, kuma disk ɗin ya ƙi fitowa a kes a wata kwamfutar, sannan ka ce ya mutu.

5. Gano irin ramin da kwamfutarka take da shi

Nan ne aka fi sayen abin da ba zai shiga ba. Kalmar SSD ba siffa ɗaya take nufi ba.

Akwai mai inci 2.5 na SATA, wanda girmansa ɗaya da had-disk na laftop. Shi ne na tsofaffin dawakai irin HP EliteBook 8470p, Dell Latitude E6430 da ThinkPad T430, kuma yana aiki a kwamfutar tebur. Gudunsa yana tsayawa wajen 550MB a daƙiƙa, had-disk kuwa da ƙyar yake haura 150.

Akwai M.2, ɗan siririn allo mai faɗin milimita 22. Lambar da ke jikinsa awonsa ce: 2280 na nufin tsawon milimita 80, shi ne aka fi samu, akwai kuma gajeru 2242 da 2230. Tarkon shi ne M.2 kala biyu ne masu kama da juna, na SATA da na NVMe. Dubi haƙoran zinaren da ke bakinsa: na SATA galibi giɓi biyu gare shi, na NVMe giɓi ɗaya. Wasu kwamfutocin suna karɓar duka biyun, wasu ɗaya kawai, kuma yana iya shiga ramin lafiya lau amma kwamfutar ta ƙi ganinsa. NVMe a ramin da ke kan tsarin PCIe 3.0 yana kai wa wajen 3,500MB a daƙiƙa, a kan 4.0 kuma wajen 7,000.

Akwai kuma mSATA, wanda ya fi M.2 faɗi da gajarta, kamar na Dell Latitude E7240. Sannan ƙananan laftop masu araha da ke zuwa da 32GB ko 64GB na eMMC, da sababbin MacBook, ma'ajiyarsu a like take da madabod, ba ta ciruwa.

Juya laftop ɗin ka karanta cikakkiyar lambar samfurinta, ka nemo littafin gyaranta a shafin kamfanin. HP, Dell da Lenovo duk suna sakin nasu kyauta. Mafi tabbaci, buɗe murfin ka gani da idonka, ka ɗauki hoto da waya ka tafi da shi kasuwa.

6. Girma da lissafin kuɗi

Windows 11 yana buƙatar aƙalla 64GB kafin ka saka komai naka, don haka ni dai ba na ba kowa shawarar 128GB, zai cika kafin ka ankara. Mai aikin takardu da intanet, 256GB ta ishe shi. 512GB ce tsaka-tsakin da ta fi dacewa da yawancin mutane. Masu haɗa bidiyo da ɗaukar hoton biki su fara daga 1TB, su ajiye tsofaffin ayyuka a had-disk na waje, domin a kan kowane gigabait had-disk ya fi araha har yanzu.

Farashi yana bin dala, don haka na wannan makon ba lallai ya zama na gobe ba. Ko a Beirut Road ko Farm Centre a Kano kake, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, tambayi shago uku, ka raba kuɗin da yawan gigabait. Sau da yawa za ka ga 512GB bai ninka kuɗin 256GB ba. A lissafinka ka haɗa da kes, kuɗin aikin mai gyara idan ba kai za ka yi ba, da data, tunda fayil ɗin Windows 11 ya haura 5GB.

Kada gudun da aka rubuta a kwali ya ruɗe ka. Tsallen da za ka ji a jikinka shi ne daga had-disk zuwa kowane irin SSD na kirki. Daga SATA zuwa NVMe, mai buga takarda da kallon YouTube da wuya ya lura da bambanci. Abin dubawa shi ne sunan kamfani, irin Samsung, WD, Kingston ko Crucial, da adadin TBW, wato yawan rubutun da kamfani ya lamunce zai ɗauka. Samsung 870 EVO mai 500GB, alal misali, 300TBW ne.

7. Gwada shi a gaban mai shago

Je da laftop ɗinka, da CrystalDiskInfo a filash. Ka ce, “Alhaji, a bari in jona shi a nan in gani.” Mai kayan kirki ba zai ƙi ba.

Sunan da manhajar ta nuna ya yi daidai da na jikin takardar da aka manna, lambar siriyal ma haka. Sannan ka dubi Power On Hours. Wanda aka ce sabo ne dal, sa'o'insa sifili ne ko 'yan ƙalilan. Shekara guda sa'a 8,760 ce, don haka disk mai sa'a 26,000 ya yi kusan shekara uku a kunne, ko da an goge shi yana ƙyalli. SSD na hannu da aka ciro daga laftop ɗin ofis ba laifi ba ne idan lafiyarsa ta haura kashi 90 kuma an yi maka ragi na gaske. Had-disk na hannu kuwa, ban yarda a ɗora masa amanar abin da babu kwafinsa ba. Ka sani kuma akwai masu iya share waɗannan lambobi, shi ya sa risit mai ɗauke da lambar siriyal da kwanakin garanti ya zama dole, ba alkawarin fatar baki ba.

Idan ka ga 1TB ya nuna 931GB, ko 256GB ya nuna 238GB, ba cuta ba ce. Kamfanoni da dubu suke ƙirge, Windows kuma da 1,024.

8. Saka shi, ka zuba Windows

Cire caja, cire batir ko ka zare mahaɗinsa idan na ciki ne, ka taɓa wani ƙarfe don sauke lantarkin jikinka, musamman da hunturu. Jera sukurori a yadda ka kwance su, domin dogo a ramin gajere yana huda madabod. Mai inci 2.5, mayar masa da ƙarfen da ke riƙe tsohon. M.2 kuma a karkace ake zura shi, sannan a danne wutsiyarsa a ɗaure da ɗan sukuru guda. Sukurun nan ƙarami ne ƙwarai kuma ba kasafai yake zuwa a kwalin SSD ba, ka nema tun a shago.

Hanya biyu ce. Idan tsohon disk lafiyarsa ƙalau, kwafe shi sukutum zuwa sabon ta kes, da Clonezilla ko manhajar da kamfanin SSD ɗin ke bayarwa, da sharaɗin abin da ke kan tsohon bai fi ƙarfin sabon ba. Idan tsohon na da Caution, ko Windows ɗin dama ya rikice, zuba sabo. Shirya filash ɗin zuba Windows da manhajar Media Creation Tool ta Microsoft ko Rufus. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, don haka idan kwamfutarka ta cika sharuɗɗan 11, shi za ka zuba.

*Gargaɗi:* wajen kwafewa, karanta sunan disk na tushe da na masauki sau biyu. Idan ka juya su, wofi zai hau kan aikinka. Wajen zuba sabo kuma, cire duk wani disk ka bar sabon shi kaɗai. A wasu laftop masu Intel ƙarni na 11 zuwa sama, wurin zaɓen disk yakan fito fayau. SSD ɗin lafiya yake, direban Intel RST, ƙaramar manhajar da ke sa a ga disk ɗin, za ka sauke daga shafin kamfanin laftop ɗin ka ɗora a filash.

Idan disk na biyu ka ƙara kuma bai fito ba, danna Windows da X, shiga Disk Management, zaɓi GPT, sannan New Simple Volume. Ɗaya zaɓin, MBR, ba ya amfani da abin da ya haura 2TB.

9. Kes, kadi da filash

Tsohon disk mai lafiya ya koma kes ya zama wurin ajiyar kwafi. Sayi kes na USB 3.0, ka jona a rami mai shuɗin ciki, USB 2.0 ba ya wuce wajen 35MB a daƙiƙa. Babban had-disk na tebur mai inci 3.5 yana buƙatar adafta ta 12V, USB kaɗai ba ya juya shi. Kes na M.2 ma akwai na SATA akwai na NVMe. Idan laftop ɗinka na da wurin DVD, ana cire shi a saka kadi mai ɗauke da disk na biyu. Kaurinsa milimita 9.5 ne ko 12.7, auna naka kafin ka saya.

Filash da memori su ne jabu ya fi yi wa katutu. Za ka ga an rubuta 1TB a kuɗin da bai kai na 64GB na gaske ba. An yi wa ƙwaƙwalwarsa ƙarya ne, yana nuna babban girma, yana karɓar fayiloli, amma da ainihin wurin ya cika sai sabo ya riƙa hawa kan tsoho, ranar da ka buɗe ka tarar babu. Manhajar H2testw tana cika shi taf ta sake karantawa, ta gaya maka girmansa na gaskiya. Tana cin lokaci, amma a yi ta kafin a zuba komai kuma kafin kwanakin garanti su ƙare. Idan filash ya ƙi karɓar fayil ɗin da ya haura 4GB alhali akwai wuri, tsarin fomatinsa FAT32 ne; kwashe abin da ke kai ka mayar da shi exFAT.

A SSD, abin da ka share ka kuma zubar daga Recycle Bin da wuya ya dawo, saboda tsarin TRIM yana goge wurin ba da jimawa ba. Don haka ka ware rana ɗaya a mako ka juye muhimman folda zuwa disk ɗin waje, mafi muhimmancin kuma ka ɗora a Google Drive, wanda ke ba da 15GB kyauta. In ka gama, danna Eject kafin ka zare, ka ajiye disk ɗin a wani wuri daban da jakar laftop.